Zuma a cikin shayi: guba ce, magani ce, ko sukari ce kawai?

Shin da gaske ne zuma tana zama guba idan aka zuba ta a cikin shayi mai zafi? Maganar ta daɗe tana yawo a WhatsApp da Facebook, kuma duk sanda aka ɗauka ta kwanta sai wani ya sake tayar da ita, wani lokacin har da hoton mutum sanye da farar rigar likita don a ƙara mata nauyi. A gefe guda kuma ga masu rantsuwa cewa shayi da zuma yana narkar da teɓa, yana wanke jini, kuma mai ciwon sukari zai iya sha iya son ransa tunda "ai ba sukarin kamfani ba ne". Kofi ɗaya ne a hannun mutum, wani na ce masa ajali, wani na ce masa waraka.

Ga babban mutum mai lafiya, cokali ɗaya na zuma a cikin shayi ba zai cutar da shi ba, ko shayin da zafinsa ko ya huce. Sai dai wannan bai rufe zancen ba, domin akwai haɗari na gaske a tattare da wannan kofin, kawai an bar jaki ne ana dukan taiki. Abubuwan dubawa su ne shekarun mai shan, da yawan zumar da ake zubawa, da zafin ruwan da ke bi ta maƙogwaro. Su kuwa ba su cika samun mai yaɗa su ba.

## Me ke cikin kofin?

Zuma ruwan furanni ne da ƙudan zuma suka tsotso, suka gauraya da sinadaran jikinsu, suka yi ta yi masa fifita da fukafukai a cikin saƙa har ya yi kauri. Idan aka auna ta, kusan kashi 80 cikin 100 sukari ne, kashi 17 zuwa 18 kuma ruwa. Sukarin iri biyu ne suka fi yawa: furuktos, wanda ya kai kimanin kashi 38, da gulukos, kimanin kashi 31. Ɗan abin da ya rage shi ne ake kururutawa, wato inzayim (sinadaran da ke hanzarta sauye-sauye a jikin halitta), ɗan bitamin, ɗan ma'adinai, ƙurar fure, da sinadaran da ke ba kowace zuma launinta da ƙanshinta. Farin sukari na kanti shi ma da zarar ya isa hanji, gida biyu yake rabewa: furuktos da gulukos. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shayi kuwa, baƙi da kore duk daga ganyen itace ɗaya suke, Camellia sinensis, hanyar sarrafawa ce ta bambanta su. Yana ɗauke da kafeyin da wasu sinadarai da ake kira folifenol, waɗanda ke sa a ji ɗan bauri a harshe idan ganyen ya daɗe a ruwa. Babu wani sanannen abu a cikin ganyen shayi da yake haɗuwa da zuma ya haifar da dafi. Duk taƙaddamar a kan zafi take.

## Daga ina maganar guba ta fito?

Tushe biyu take da su, tsoho da sabo.

Tsohon shi ne Ayurbeda, tsarin maganin gargajiya na Indiya. Tsofaffin littattafansa, irin su Charaka Samhita da aka tattara kimanin shekara 2000 da suka wuce, sun hana ɗumama zuma da shan ta da zafi. A fahimtar masu bin wannan tsari, zumar da ta ji wuta tana wuyar narkewa, tana barin wani datti mai danƙo a cikin jiki. Koyarwa ce da ta rayu ƙarni bayan ƙarni, kuma daga bakin masu tallata ta ne ta shigo intanet. Amma koyarwa daban, gwaji a kan mutane daban. Al'ummomi da yawa sun daɗe suna gasa burodi da zuma, suna dafa nama da ita, kuma ba a ga wata cuta da ke bin masu cin waɗannan ba. Yawancin zumar da kamfanoni ke sayarwa ma an riga an ɗumama ta kafin a ɗura a kwalba, don ta tace da kyau kuma kada ta yi saurin daskarewa.

Sabon tushen shi ya fi ruɗa mutane, saboda yana da suna na kimiyya: HMF. Sinadari ne da ke samuwa idan sukari, musamman furuktos, ya ji zafi ko ya daɗe a ajiye a wuri mai ɗumi. Sabuwar zuma da aka ɗebo daga amya kusan babu shi a cikinta, yana ƙaruwa ne da zafi da kuma tsawon lokaci. Hukumar Codex Alimentarius, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa tare, ta sa iyaka: kada HMF ya wuce miligiram 40 a kowane kilo na zuma, ko miligiram 80 ga zumar da ta fito daga ƙasashe masu zafi. Daga jin "iyaka" sai mutane suka ɗauka iyakar guba ake nufi. Ma'aunin inganci ne. Da shi ake gane zumar da aka ƙona wajen sarrafawa, ko wadda ta tsufa a sito, ko wadda aka yi wa haɗi.

Mu yi lissafi. Cokalin shayi ɗaya na zuma yana da nauyin kimanin giram 7. Ko da zumar ta kai wancan miligiram 80 ɗin, abin da ke cikin cokalin bai wuce rabin miligiram da 'yan kai ba. Masana abinci kuwa sun ƙiyasta cewa mutum yana cin tsakanin miligiram 4 da 30 na HMF a kowace rana daga abincinsa na yau da kullum, musamman gahawa, ɓawon burodi da busassun 'ya'yan itace. Wanda ya sha kofin gahawa da safe ya riga ya wuce abin da yake gudu a cikin zuma nesa ba kusa ba. Mintoci biyar ko goma da zuma za ta yi a cikin shayi kuma ba su isa su ƙara wani abin a zo a gani ba.

Ba a ce HMF bai da laifi ko kaɗan ba. Yana kashe ƙudan zuma idan aka ciyar da su ruwan sukarin da ya ƙone, shi ya sa masu kiwon zuma ke tsoronsa, kuma a ɗakin gwaji an ga wani abin da jiki ke juya shi zuwa gare shi yana iya taɓa ƙwayoyin halitta. Irin waɗannan sakamakon ne ake yankowa a liƙa a saƙon waya, ba tare da an faɗi adadin da aka yi gwajin da shi ba, ko kan wace halitta aka yi.

## Abin da zafi ke ɓatawa da gaske

Masu cewa "kada ka kashe zumar" suna da 'yar gaskiya. A cikin amya zafi yana tsayawa wajen digiri 35 a ma'aunin Salshiyos, kuma inzayim ɗin zuma ba su jure abin da ya zarce haka da yawa ba. Ruwan da ya tafasa yana raunana su. Ɗaya daga cikinsu shi ke samar da ɗan sinadarin da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, wanda yana cikin dalilan da suka sa zuma ke aiki a kan rauni da ƙuna.

Tambayar ita ce, me mai shan shayi ya rasa? A kan rauni, zuma tana zaune da kaurinta tana aiki. A cikin kofi kuwa an riga an tsinka ta da ruwa, sannan za ta gangara cikin tumbi inda ruwan tsami da sinadaran narkar da abinci za su farfasa inzayim ɗin kamar yadda suke yi wa kowane furotin. Bitamin da ma'adinan cikinta ma ba su taka kara sun karya ba. Kafin mutum ya samu abin kirki daga gare su sai ya sha zumar da sukarinta zai yi masa illa. Zumar da asibitoci ke sa wa a rauni ma ta musamman ce, an kashe ƙwayoyin cutar cikinta da haske mai ƙarfi, ba a ɗebo ta daga kwalbar kicin ba.

Asarar da kowa zai ji da bakinsa ita ce ta ƙanshi. Zuma mai kyau tana da ƙanshin furen da ta fito daga gare shi, kuma tafasasshen ruwa yana kore shi. Wanda ya kashe kuɗinsa a kan zuma ta gari yana da dalilin barin shayinsa ya ɗan sha iska kafin ya zuba.

## Jariri: nan babu sassauci

Duk yaron da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma. Ba a cokali ba, ba a shayi ba, ba a ruwan ɗumi ba, ba ko lasa a ɗan yatsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumomin lafiya na Amurka da Birtaniya duk bakinsu ɗaya a kan wannan.

Dalilin wata ƙwayar cuta ce, Clostridium botulinum, da ke zaune a ƙasa da ƙura. Tana da wani irin ƙwai mai taurin kai da kan shiga cikin zuma. Hanjin babba, da na yaron da ya haura shekara, yana cike da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hana wannan ƙwai tsirowa. Hanjin jariri bai kai nan ba. Sai ƙwan ya tsiro, ya fara fitar da dafin da ke shanye jijiyoyi. Alamar farko yawanci rashin yin bayan gida ne, sai tsotson nono ya yi rauni, kuka ya zama ƙasa-ƙasa, wuya ya kasa ɗaukar kai, jiki ya saki. Idan abin ya kai ga naman da ke jan numfashi, rai na cikin haɗari. A 1976 ne likitoci a Kalifoniya ta Amurka suka fara bayyana wannan ciwo a matsayin cuta mai zaman kanta. Ba kasafai ake samun sa ba, kuma jarirai da yawa daga ƙura suke ɗauka, amma zuma ita ce hanyar da aka sani kuma ake iya toshewa.

Abin lura a nan: zafin shayi ba ya kashe wannan ƙwai. Tafasa ma ba ta kashe shi, sai an kai wajen digiri 121 a tukunya mai matsin tururi, irin yadda ake yi wa abincin gwangwani. Uwar da ta ce "ai na zuba a ruwan zafi" ba ta tsare komai ba. Mai juna biyu da mai shayarwa kuwa za su iya shan zumarsu, ƙwan ba ya bi ta nono.

## Zuma sukari ce, jiki ba ya yi mata alfarma

Wannan shi ne ɓangaren da masu son zuma ba sa son ji. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 kan shan sukari, ta lissafa zuma a sahu ɗaya da farin sukari da ruwan 'ya'yan itace. Shawararta ita ce irin wannan sukari kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, wato wajen giram 50 ga babba, kuma ya fi kyau a rage zuwa kashi 5, kimanin giram 25.

Cokalin shayi na zuma yana da kalori (ma'aunin kuzarin abinci) kusan 21, na farin sukari kusan 16, saboda zuma ta fi nauyi. Mutumin da ke shan kofi 3 a rana, yana zuba cokali 2 a kowanne, ya sha wajen giram 34 na sukari daga shayi kaɗai, kafin a zo maganar sauran abincinsa. Kuma da yake ya ɗauka magani yake sha, hannunsa ya fi sakewa a kan cokalin fiye da lokacin da yake zuba sukari. Zuma ta ɗan fi sukari zaƙi a harshe, don haka wanda ya canza zuwa gare ta ya kuma rage yawa ya ci riba kaɗan. Wanda ya canza ya ƙara kuwa ya koma baya.

Ga mai ciwon sukari, gaskiya ne cewa yawancin nau'o'in zuma ba su kai farin sukari saurin ɗaga sukarin jini ba, amma ratar kaɗan ce, kuma tana sauyawa daga wannan zuma zuwa waccan. Duk cokalin da ya shiga shayi dole a lissafa shi cikin abincin ranar, a kuma duba abin da na'urar awo ta nuna bayan an sha. Maganar narkar da teɓa kuwa ba ta da madogara. Haƙora ma ba su san bambanci ba: kurɓar abu mai zaƙi a hankali tsawon yini yana ba ƙwayoyin cutar baki abincin da suke juyawa ya zama tsamin da ke cinye haƙori.

Akwai kuma mutanen da hanjinsu ba ya tsotse furuktos da kyau. Su zuma tana sa su kumburin ciki da zawo, ko da shayi ko babu.

## Inda zuma ta ci sunanta: tari da kaikayin maƙogwaro

A nan kakanni sun yi daidai, kuma bincike ya mara musu baya gwargwado. A 2007 wani likitan yara a Jami'ar Jihar Fensilbeniya ta Amurka, Ian Paul, da abokan aikinsa sun gwada zuma a kan yara 105 masu tarin mura, iyaye kuma suka ba da rahoton cewa waɗanda aka ba zuma kafin barci sun fi samun sauƙin tari da barci. A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci, ta haɗa gwaje-gwaje 6 da suka ƙunshi yara 899, ta ce da alama shan zuma ya fi a zauna ba a sha komai ba, kuma ba ta da wani bambanci sosai da dekstrometofan, sinadarin da ke cikin magungunan tari na ruwa da yawa. Masu bincike a Jami'ar Oxford sun sake duba nazari 14 a 2020 suka kai ga kusan matsaya ɗaya. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani ma ta sa zuma cikin abubuwan da mai sabon tari zai iya gwadawa a gida, wani ɓangare don a rage rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ga mura, wadda ba ya yi mata komai.

Sai dai a san iyakar abin. Gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma da wuya a ɓoye wa mutum cewa zuma aka ba shi, don haka tsammani ma yana taka rawa. Yawancinsu a cokali aka ba da zumar, ba a cikin shayi ba. Sauƙi take kawowa na 'yan kwanaki, ta hanyar lulluɓe maƙogwaro da sa miyau ya zubo, ba ta kashe ƙwayar mura. Tarin da ya wuce mako biyu zuwa uku, ko ya zo da jini, ko da sarƙewar numfashi, ko da rama da gumin dare, na asibiti ne.

## Zafin da ya kamata a ji tsoro

A watan Yunin 2016, hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya shan abu mai zafin da ya haura digiri 65 a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo ciwon daji, musamman na bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa tumbi. Ba ganyen shayin ake zargi ba, ƙunar da ake yi wa fatar bututun kullum ce. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga lardin Golestan na arewa maso gabashin Iran, inda ake shan shayi da tsananin zafi kuma wannan ciwo ya yi yawa. Wani bincike da aka buga a 2019 ya bi mutane sama da 50,000 na tsawon kimanin shekara 10, aka samu 317 sun kamu. Waɗanda ke shan mililita 700 ko fiye a rana a zafin digiri 60 zuwa sama, haɗarinsu ya ɗara na masu shan ƙasa da haka a zafin da bai kai digiri 60 ba da kusan kashi 90 cikin 100.

Ke nan shawarar nan ta "bari ya huce kafin ka zuba zuma" tana da amfani, ko da dalilin da ake bayarwa ba shi ne ba. Mintoci huɗu ko biyar bayan an zuba a kofi sun isa su sauko da zafin sosai. Idan sai mutum ya yi ta hura shi yana zuƙa da iska kafin ya iya haɗiya, bai huce ba.

## Shayin kansa

Folifenol ɗin shayi suna kama sinadarin ƙarfe da ke cikin hatsi, wake da ganyaye, su hana hanji tsotse shi, kuma raguwar tana iya wuce rabi idan aka sha shayi tare da abinci. Zuma ba ta gyara wannan. Mai ƙarancin jini, da mai juna biyu, da wanda ke shan ƙwayar ƙarin jini, su bar tazarar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi.

Kofin baƙin shayi yana da kafeyin wajen miligiram 40 zuwa 50, kore bai kai haka ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 400 a rana ba matsala ga babba mai lafiya, 200 ga mai juna biyu. Wanda barci ke yi wa wuya ya sani cewa zuma ba ta kashe kafeyin ɗin shayin dare.

Bayan wannan, labarin shayi mai daɗi ne. Wani bincike da aka buga a 2022 kan mutane kusan 500,000 a Birtaniya ya ga masu shan kofi 2 ko fiye na baƙin shayi a rana haɗarin mutuwarsu a tsawon binciken ya ragu da kashi 9 zuwa 13 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba sa sha. Alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar shayin ne sanadi ba.

## Zuma mai dafi ta gaske, da ta jabu

Akwai zumar da ke bugarwa, kuma ba ruwanta da zafi. A gaɓar Baharul Aswad ta Turkiyya da tsaunukan Nepal, ƙudan zuma na tsotsar furen wani itace, rododendiron, mai ɗauke da dafi. Cokali kaɗan na wannan zuma na kawo jiri, amai, faɗuwar hawan jini da raguwar bugun zuciya. Marubucin Girka Zenofon ya ba da labarin yadda ta zubar da sojojin da yake tare da su kusa da garin Tarabzon da ke wannan gaɓar ta Turkiyya, kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Har yau ana kai mutane asibiti saboda ita, kuma ana sayar da ita a intanet da sunan maganin ƙarfin maza.

Abin da ya fi shafar mai saye na yau da kullum shi ne haɗi. A binciken da Tarayyar Turai ta bayyana a watan Maris na 2023, an gwada samfuri 320 na zumar da ake shigarwa ƙasashenta, kashi 46 cikin 100 aka yi zargin an gauraya su da ruwan sukari na shinkafa, alkama ko makamantansu. Irin wannan ba ta kisa, amma mai ita ya biya kuɗin zuma ya sha ruwan sukari. Gwaje-gwajen gida da ake yaɗawa, na ɗiga ta a ruwa ko tsoma ashana a kunna, ba sa rarrabewa, domin kauri da yawan ruwa kawai suke nunawa, kuma masu haɗi sun iya daidaita su. Daskarewa ma ba alamar jabu ba ce. Gulukos ɗin zuma ta gari ne ke yin tsaki-tsaki idan ta daɗe, kuma tsoma kwalbar a ruwan ɗumi yana narkar da shi.